Shanun da Ban Ƙirga Ba

Akwai wani layi a kasuwar Gusau da ba na bi idan an yi ruwa, layin masu igiya da guga. Igiyar rama idan ta jiƙe tana da wani wari. Ba wari ne mai tayar da zuciya ba, irin na bakin rijiya ne kawai, amma ni da ya bugi hancina sai in juya in canza hanya. Ƙawayena sun ɗauka iyayi ne. Na bar su a haka, don labarin ba na faɗa a tsaye cikin kasuwa ba ne. Kai da ka zauna kana karatu, kai zan ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Tsafe, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a ƙafa zuwa Bilbis. Shekarata goma sha biyu lokacin. Babanmu direba ne, yana lodi a tasha a Gusau, sai Juma'a muke ganinsa, wani makon ma ba ma gani. Gida yana hannun Inna da Kaka, mahaifiyar Baba, ko in ce yana hannun Kaka, don ko kaza ba ta yin ƙwai a gidan nan ba da saninta ba. Sai Yayana, wanda ya ba ni shekara biyar. Kaka na kiransa maigidanta, tana ce masa rago mai karatun da ba ya cika tukunya, shi kuma yana ce mata haƙoranta sun ƙare, zai nemo sabuwa.

A shekarun nan ne daji ya fara lalacewa. Malamanmu da ke zuwa daga Tsafe da Gusau suka koma yau a gan su, gobe babu, kuma ba wanda ya ga laifinsu, don hanya ba ta da tabbas. Kafin haka wani ɗan bautar ƙasa ya yi shekara a makarantarmu. Da zai tafi ya bar wata tsohuwar laftof mai tsagaggen gefe da aka ɗaure da salatif, ya kuma bar abin da ya koya wa Yaya a kai: kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni layi bayan layi har ta yi aikin da kake so. Ba wanda ya sa Yaya. Shi ya tara mu, yara wajen talatin, a wani aji da iska ta yaye rabin kwanonsa, ya ce tunda malamai ba su zo ba, mu koyar da junanmu.

Matsalar ita ce wuta. Sai ranar kasuwa ake kai laftof ɗin wurin mai cajin waya a Bilbis, kuma batirinta ba ya kai awa guda. Ka raba awa guda tsakanin yara talatin ka ga abin da kowa zai samu. Saboda haka a littafi muke rubuta kodin ɗinmu da biro. Don mu gane ko abin da muka rubuta zai yi aiki, Yaya ya ƙirƙiro wata dabara. Muka tsinto gwangwanayen madara, kowane aka manna masa takarda da suna, ana zuba tsakuwa a ciki a madadin lamba. Sai a tsayar da yaro ɗaya a ce shi ne inji. Mai littafi ya karanta layi, inji ya aikata. Idan ka manta ka rubuta masa ya tsaya, haka zai yi ta ɗaukar gwangwani yana ajiyewa har aji ya mutu da dariya.

"Inji ba shi da hankali," in ji Yaya. "Abin da anka rubuta mai kaɗai shika yi."

Ban taɓa jin daɗin wani abu a duniya kamar wannan aji ba. Kuma dole in faɗa maka halina, don shi ya jawo komai: ina da shegen son a ce na fi kowa.

Da damina ta kama, Yaya ya ba mu aiki. Kowa ya rubuta umarnin da zai jera lambobi daga babba zuwa ƙarami. Ya ce mu ɗauki duk abin da muka ga dama, shekarun 'yan aji ne, tsawonsu ne, ko ma mu ƙirƙira. Ni kuwa na ce nawa sai na gaske, wanda idan an karanta kowa zai riƙe baki. Littafina ya cika, sai na ɗauki wani tsohon littafin Yaya da ya rage shafuka a baya, sunansa ɓaro-ɓaro a bango. Kwana uku ina fita da sassafe, in tsaya a hanyar da dabbobi ke bi, ina ƙirga shanun da ke fitowa daga kowace ƙofa. Gida goma sha biyu na rubuta, kowane da sunan mai shi da yawan shanunsa.

A rana ta uku Kaka ta kama ni ina motsa baki ina nuni da yatsa. Ta finciki kunnena har sai da na ga taurari.

"Ke! Ba a ƙidayar dabbar mutane. Ko mai ita ba shi hwaɗin yawanta."

Gaskiya ta faɗa. A wurinmu idan ka tambayi mutum shanunsa nawa, sai ya ce maka alhamdu lillahi, ko ya ce 'yan kaɗan ne. Da can tsoron baki ake yi, kada a yaba dabba ta lalace. A lokacin da nake ba ka labari kuwa, an sami abin tsoro da ya fi baki. Na sani sarai. Amma a kaina abin makaranta daban ne, na gari daban, kamar littafi ba shi da ƙafar fita daga aji. Na murza kunnena na ƙarasa aikina. Ya yi kyau kuwa. Gidan Alhaji na bakin rijiya ya fito a sama da shanu tara, sauran suka biyo baya a jere. Ƙawata, 'yar maƙwabtanmu, ta roƙe ni aron littafin ta kwafa, na ba ta ina hura hanci.

Bayan kwana huɗu ɓarayin daji suka zo. Rana ta ɗan fito, ana shirin fita huɗa, muka ji ƙarar babura da harbi. Inna ta danne mu a ƙasan gado. Ba su daɗe ba. Da gari ya yi shiru aka fito, an kore shanun gida uku, an harbi mutum ɗaya a cinya. Gidan Alhaji, da gida biyu da ke bin sa a yawan dabba.

Ka san kalmar da ta fi bindiga ban tsoro a ƙauyukanmu a lokacin? Infoma. Mutumin cikin gari da ke tsegunta wa ɓarayin daji wa ke da me, da ta ina ake shiga. Kowa ya yarda akwai shi, ba wanda ya san fuskarsa. Wanda 'yan sa-kai, matasan da ke tsaron gari, suka kama da wannan zargi, bayan dutse ake kai shi, kuma ban taɓa ganin wanda aka kai bayan dutse ya dawo ba.

Washegari da hantsi Yaya yana ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya, ni ina cikin zaure da tulu a kai, sai ga 'yan sa-kai su shida. A gaba kawun ƙawata ne, ɗan sa-kai, riƙe da littafin. A ɗakin 'yar 'yar'uwarsa ya tsince shi. Ya iya karatun boko daidai na gane suna da lamba. Ya ga sunayen gidaje, ya ga yawan shanu, ya ga an jera su, ukun farko su ne waɗanda aka shiga. A ƙasa kuma ga wani rubutu da ba Hausa ba, ba Turancin da ya sani ba, cike da baka da ɗigo-ɗigo. A bango ga sunan Yaya.

Ya buɗe shafin a fuskar Yaya. Na ga idon Yaya ya bi rubutun. Ya san hannuna kamar yadda ya san nasa. Ya ɗago ya dube ni ta ƙofar zaure, kallo ɗaya, ya mayar da kai.

"Littahina na," ya ce. "Aikin makaranta na."

Mari ya hana shi ƙarasawa. Suka tasa shi gaba zuwa ƙofar mai gari. Aka ce za a jira shugabansu, wanda ya bi sawun shanu da wasu, ana sa ran dawowarsa da la'asar. Inna ta yi ta kiran wayar Baba, babu sabis.

Ni kuwa na ajiye tulu, na zaga bayan ɗakin Kaka, na kutsa ƙarƙashin rumbu inda kaji ke kwanciya. Ba zan yi maka kwaskwarima ba. Na san magana ɗaya ce a bakina, rubutuna ne, kuma na san ita ake bukata. Amma duk lokacin da na yunƙura sai in ga kaina a bayan dutse, sai fitsari ya kama ni, in koma in kwanta. Tsoro na ji, na zaɓi kaina. Ina kwance cikin kashin kaji ina jin kukan Inna, ina jin ƙaurin takarda yana tsallako katanga, don iyayen 'yan ajinmu sun ji labari, kowa yana cusa littafin ɗansa a murhu. Na ji kiran azahar. Na ga inuwar rumbu ta bar ƙafata ta koma gabas. Ban fito ba.

Sau biyu Kaka tana zuwa ƙofar mai gari ana dawo da ita. A dawowa ta biyu ta zauna a kan turmi kusa da rumbu, tana numfashi kamar ta yi dakan gero. Can sai na ji hannu ya kama idon sawuna ya ja ni waje. Ban san tsohuwar nan na da irin wannan ƙarfi ba.

"Ke kinka ƙidaya," ta ce. Ba tambaya ba ce.

Na fashe da kuka na ce za su kashe ni.

"Tashi. In sunka kashe shi kina nan ƙarƙashin rumbu, ke ma kin mutu, sai dai ki riƙa yawo."

Ba ta saki wuyan hannuna ba har ƙofar mai gari. Maza sun cika wurin, ta ratsa su kamar ba ta gan su ba. Yaya yana zaune a ƙasa, an mayar da hannayensa baya an ɗaure a turke da igiyar guga da aka ciro daga rijiya. Tun hantsi take a jikinsa. Hannayen sun kumbura sun yi baƙi, igiyar ta nutse cikin nama, warinta ya cika wurin. Da ya gan ni sai ya girgiza mini kai, wai in koma.

Kaka ta matse hannuna, na ce rubutuna ne. Kawun ƙawata ya yi tsaki ya ce tsohuwa ce ta kitsa mini. Sai liman, wani dattijo mai sanyin magana da ke zaune gefen mai gari, ya ce a ba ni biro in rubuta layi ɗaya. Na rubuta. Aka gwada, hannu ɗaya ne. Wani ya ce to yayanta ne ya sa ta. Wani ya ce wancan rubutun na ƙasa fa, saƙon wa ne? Laftof ɗin da za ta nuna musu aikin rubutun an riga an fasa ta da gindin bindiga tun da safe. Liman ya tambaye ni abin da rubutun ke cewa. Na ce sai da gwangwanaye zan iya nunawa. Aka aika makaranta aka kwaso su.

Ba yaron da iyayensa za su bari ya matso, don haka liman da kansa ya naɗe hannun riga ya tsuguna, ya ce shi ne injin. Na manna sunayen gidaje, na zuba tsakuwa. Ina karanta layi ina fassarawa: dubi wannan da na kusa da shi, in na bayan ya fi yawa, sauya musu wuri, matsa gaba. Dattijo mai furfura yana ɗaukar gwangwanin madara yana ajiyewa bisa umarnin yarinya, ba wanda ya yi dariya. Da muka gama, gwangwanaye goma sha biyu suka tsaya a jere, na Alhaji a gaba. Na ɗago kai ina tsammanin an gane wasan yara ne.

"Kun gani!" in ji kawun ƙawata. "Injin hwaɗin gidan da za a hwara shiga na!"

Wuri ya kaure. Na zo ceto, na ƙara wa Yaya igiya. Na dubi inuwar bango, ta yi tsawo, ladan har ya miƙe yana neman buta.

Liman bai tashi daga tsugunon ba. Ya ɗauki gwangwanin farko ya juye tsakuwar a tafinsa, ya ƙirga a hankali. Sannan ya juya wajen Alhaji, wanda tun safe yake zaune a kan tabarma kansa a sunkuye, bai ce uffan ba.

"Alhaji, tara ta rubuta."

Alhaji bai ɗago ba. Liman ya sake faɗa, a hankali dai. Kaka ta matsa har bakin tabarmarsa.

"Ni ba ni roƙon ka komi, Alhaji. Allah na ganin ka."

Alhaji ya ajiye carbinsa. Da maganar ta fito, kamar ƙaya ake zare masa daga maƙogwaro.

"Sha huɗu na."

Ya ce biyar ba su taɓa fita ta ƙofa ba. Tun da daji ya ɓaci ya ɓoye su a wani kango da ke bayan ɗakunan iyalinsa, ana yanko musu ciyawa. Kuma ɓarayin da suka zo, can suka fara nufa, suka fasa katangar baya daidai wurin, kafin ma su waiwayi na garke.

Ni a bakin hanya na tsaya na ƙirga abin da ido ke gani. Wanda ya ba ɓarayi labari ya san abin da ke cikin gida. Sai a lokacin aka gane dalilin shirun Alhaji. Ba faɗin yawan dabba a gaban jama'a kaɗai ya yi masa nauyi ba. Ya san in ya faɗa, zargi zai tashi daga kan ɗan wani ya sauka a kan masu shiga gidansa, 'ya'yansa, surukansa, masu yi masa aiki. Mutane suka daina kallon Yaya, suka kuma kasa kallon juna, don mai yiwuwa mutumin yana tsaye a cikinmu yana jijjiga kai kamar kowa.

Ƙullin igiyar Yaya ya ƙi kwantuwa, sai da aka sa wuƙa. Ba wanda ya ce ya yi kuskure. An dai ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Kaka ta tofar da yawu a gefe, ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatar jikanta, muka tafi gida ana kiran la'asar.

An kai Yaya wurin dangin Inna a Kekun Waje, inda wani maɗori ya yi ta fama da hannun, daga nan asibiti a Gusau. Hagu ya warke. A dama, yatsu uku suka lanƙwashe ba su sake miƙewa ba. Likita ya ce igiyar ta daɗe a kan jijiya, da an kwance ta da wuri da ba a kai ga haka ba. Ina tsaye a bayan Inna lokacin da ya faɗa. Bayan an yi girbi Baba ya kwashe mu zuwa Gusau. Kaka ta ce ita ba inda za ta, kuma a ɗakinta ta rasu bayan shekara biyu. Har ta koma ga Allah ba ta sake tayar mini da maganar ba. Infoman kuwa, har yau ban ji an gano shi ba.

Yanzu ni ce malama. A makarantar da nake koyarwa a Gusau akwai sola, akwai kwamfutoci takwas, yara ma a wayar iyayensu suke gwada kodin. Manyan ɗalibai ke koyar da ƙanana, ni ina gefe ina sa ido. Abin da muka yi wata guda muna haƙilo a kai, su a yini ɗaya suke wuce shi, kuma ina jin daɗi. Sai dai ban taɓa kallon yaro yana tattara bayanan mutane a kwamfuta ban tsayar da shi na bincika ba. Sun ɗauka ni mai tsanani ce. Ba su san garin da za a karanta abin da suka rubuta ba, ni na sani.

Yaya yana tasha, yana rubuta sunayen fasinjoji da hannun hagu. Bai sake taɓa kwamfuta ba. Bai taɓa tambayata inda nake daga hantsi zuwa bayan azahar ba. Sau biyu na ɗauko maganar zan roƙi gafara, sau biyun yana katse ni da cewa, kin ci abinci kuwa? 'Yarsa ta fari tana ajina. Shi yake kawo ta a babur, ya zo ɗaukarta, amma iyakarsa bakin taga.

Watan jiya aikinta ya rikice, lambobi suna ta zuba a fuskar kwamfuta ba tsayawa, tana shirin kuka. Kafin in isa wurinta sai na ji muryarsa daga taga.

"Ba ki ce mai ya tsaya ba. Dubi layi na shida."

Ya ɗaga hannun dama zai nuna mata, sai ya dube shi, ya mayar aljihu, ya juya wajen babur ɗinsa. Yarinyar ta waiwayo tana zare ido.

"Gwaggo, ya aka yi Baba ya iya?"

Na ce shi ya koya mini.

"To me ya sa ya daina?"

Duk ajin suka zuba mini ido. Na ce mata ta gyara layinta na shida tukuna. Ta gyara, ya yi aiki, ta yi tsalle ta manta. Amma na san halinta, irin nawa ne, ba ta barin tambaya. Za ta sake yi, kuma babanta ba zai taɓa faɗa mata ba. Ni zan faɗa.